Datti Direba da Jirgin Tsibirin Sal

Kemis ɗina yana bakin layin su Malam Datti a unguwar Rikkos, cikin Jos. Saboda haka yawancin abin da ya same shi a gabana aka yi, sauran kuma shi ya ba ni labari da bakinsa a kan bencin ƙofar shagona.

Datti direban motar haya ne. Kakansa ya zo Jos daga wajen Ningi lokacin haƙar kuza, mahaifinsa ya yi facin taya a Bauchi Road, shi kuma a tasha ya tashi. Ya yi karen mota, ya koyi tuƙi, ya fi shekara talatin yana lodin Jos zuwa Gombe, da farko a Fijo, daga baya a Sharon. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da ɗan tawul a wuyansa, ba ka ganinsa da hula sai ranar Juma'a. Ba shi da yawan magana, amma in ya kafe a kan abu ba mai iya motsa shi.

A unguwa an san shi da ɗaukar marasa lafiya. Duk matar da naƙuda ta zo mata da gardama, duk tsohon da ya yanke jiki ya faɗi, ƙofar Datti ake bugawa. Ya san yadda ake naɗe kujerar baya a shimfiɗa katifa, ya san inda ramuka suke har ƙofar asibiti. Ko lokacin da garin ya rikice aka sa dokar hana fita, ya sha fita da mutum a kwance yana ba sojoji haƙuri a kowane shinge. A wurinsa, in dai wuri yana da suna, mota za ta kai mutum can. Kuma duk nisan da ka faɗa masa, da hanyar Gombe yake auna shi.

Yana da aboki, Livinus, Ibo ne mai sayar da kayan gyaran mota a Dilimi. A Jos aka haifi Livinus, in yana Hausa a bayan labule ba za ka ce ba ɗan Rikkos ba ne, kuma da ma a layinmu ya zauna shekaru da yawa. Bayan rikicin da aka yi ne ya kwashe iyalinsa ya koma can ɓangaren unguwar Congo-Russia inda 'yan uwansa suka fi yawa. Abotarsu ba ta mutu ba, amma ta koma ta shago. Datti zai je ya sayi abin mota su yi hira, su tambayi iyali, sai dai an daina zuwa gidan juna. Ba wanda ya ce a daina, haka kawai abin ya zama.

'Ya'yansu biyu tare suka tashi, Chibueze ɗan Livinus da Badruddeen ɗan farin Datti. Firamare ɗaya suka yi, ƙwallo ɗaya suka buga. Chibueze ne ya fara fita waje, ya tafi ƙasar Cape Verde ya buɗe ɗan shagon kayan waya a Praia, babban birninsu. Badruddeen kuwa ya koyi dukanci a Naraguta, ya gwanance a jakunkuna da takalman fata, amma kasuwar ta mutu, don Turawan da suke zuwa saye a da sun daina zuwa Jos. Chibueze ya riƙa gaya masa cewa a can akwai wani wuri da ake kira Sal, Turawa na cika shi suna shan iska a bakin teku, kuma irin kayansa suke nema.

Datti bai so tafiyar ba. Matarsa Hasiya ma ba ta so ba, ko da yake ba ta taɓa furtawa a gaban mutane ba, don ko sunan yaron ba ta faɗa, sai dai ta ce yaron nan. Abin da ya sa Datti ya yarda shi ne ɗan Livinus yana can. Ya gaya mini a lokacin cewa in dai suna tare, hankalinsa a kwance yake. Ba wanda ya zauna ya yi masa bayani cewa ƙasar tsibirai ce warwatse a cikin teku, Praia tana kan wani tsibiri, Sal kuma wani tsibirin ne daban. An ce masa ƙasa ɗaya, shi kuma ya ɗauka gari ɗaya.

Shekaru suka ɗan tafi lafiya. Badruddeen yana kira duk Juma'a, yana turo hotunansa a gaban rumfa da jakunkuna a rataye. Sai wata rana ƙusa ta huda masa tafin ƙafa a bayan rumfar. Ya wanke, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki, don lokacin ƙarshen shekara ne kasuwa na ci. Bai san yana da ciwon suga ba, irin na mahaifiyarsa. Ciwon ya ƙi warkewa, ƙafar ta kumbura, ta fara baƙi. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi wani ɗan Senegal da suke ɗaki ɗaya ya kai shi asibitin tsibirin.

Datti yana tasha da safe ana yi masa lodi kiran ya shigo. Da farko bai gane komai ba, don ɗan Senegal ɗin ba ya jin Hausa, Turancinsa kuma guntu ne. Daga baya aka miƙa wa Badruddeen wayar, ya yi magana a hankali, ya ce likitocin sun yi iyakar abin da za su iya a nan, sun ce sai an kai shi babban asibiti a Praia inda ake da masu irin wannan aikin. Datti ya ce to Chibueze ya samo mota mana. A nan ne ya fara jin cewa akwai ruwa tsakaninsu, sai dai jirgi.

Ya bar lodin ya zo shagona, tawul ɗinsa a hannu. Ya ce in duba masa a waya nisan Sal da Praia. Na duba. Daga filin jirgin wannan tsibiri zuwa na wancan kilomita ɗari biyu ne da 'yan kai, jirgin sama kuma bai cika awa ɗaya a sama ba. Ya sa na maimaita. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka, har ya yi ɗan murmushi.

"Ashe ko Gombe bai kai ba," ya ce. "Alkaleri ce da ɗan abin da ba a rasa ba."

Ya shiga gida ya gaya wa Hasiya cewa yaron ya ji ciwo a ƙafa, gobe za a canza masa asibiti, ba wani abin tashin hankali ba ne.

Gobe ta zo ba a ɗauke shi ba, jibi ma haka. Chibueze ne yake kira daga Praia yana bayani, ni kuma ina sake warware wa Datti abin da bai gane ba. Jiragen da ke zirga-zirga tsakanin tsibiran ƙanana ne, kuma ba su da yawa. Ɗaya yana wurin gyara. Lokacin hutu ne, kowace kujera an saye ta tun tuni. Mara lafiyar da ba zai iya zama ba kuwa ba kujera ɗaya yake ci ba, sai an ware masa wurin mutane da yawa, ga ma'aikacin jinya da zai bi shi. Sannan akwai waɗanda suke gabansa a layi, mai ciwon zuciya, mace mai ciki da jini ya ɓalle mata. Akwai jirgin ruwa, amma ba kullum yake tashi ba, yini guda yake yi a hanya, teku kuma a lokacin ba ta kwanta ba, likita ya ce ba zai sa hannu a ɗora shi ba.

Datti ya kasa ɗaukar wannan bayani. Ya ce a cire kujerun baya mana, a shimfiɗa masa katifa. Ya ce a roƙi fasinjoji, ai duk inda mutane suke in an ce ga mara lafiya ana samun masu sauka. Shi ya sha sauke fasinja a Toro don ya ɗauki wanda ya yi haɗari, ba wanda ya taɓa yi masa gardama. Na ce masa jirgin sama ba haka yake ba. Ya dube ni kamar ni na hana.

Ya riƙa kiran Chibueze safe da yamma. Ya ce in an kasa kawo Badruddeen, to shi ya je ya same shi, ai tafiyar ba ta kai awa ba. Chibueze ya ce shi ma bai samu kujera ba, kullum yana zuwa ofishin masu jirgin. Daga baya ma wayarsa ta daina shiga. Muryar Badruddeen kuwa tana ƙara yin ƙasa, wani lokaci ya fara magana ya manta abin da yake faɗa. Akwai ranar da ya tambayi mahaifinsa ko an gyara famfon gidan, alhali famfon ya fi shekara biyar da cirewa.

A hankali zargi ya shiga ran Datti. Ya fara cewa yaron Livinus ba ya son rufe shagonsa ne saboda kasuwar Kirsimeti. Na ce ya ji tsoron Allah, bai saurare ni ba. Ya tashi ya tafi Dilimi. Ban je ba, amma shi da kansa ya gaya mini abin da aka yi, kuma wani makanike da yake wurin ya tabbatar mini. Ya samu Livinus yana cikin masu saye, bai ko gaishe shi ba.

"Da ɗanka ne a kwance, da tuni an samu jirgi," ya ce. "Na sani. Haka kuke."

A Jos, in mutum ya ce ku a cikin kasuwa da irin wannan murya, kowa ya san abin da yake nufi, kuma kowa ya san inda irin maganar take kai gari. Livinus ya ajiye abin da ke hannunsa, ya fito daga bayan kanta, ya kama hannun Datti ya ja shi gefe.

"Datti, yaron nan a gidana ya koyi cin garri, matata ta sha goya shi. Je ka gida. In za ka zage ni, zage ni da sunana, amma kada ka sake cewa ku a shagon nan."

Datti ya fizge hannunsa ya tafi.

Washegari ya ce zaman gida zai haukata shi, ya je tasha ya yi lodi. Ya wuce Bauchi lafiya. Yana shiga Alkaleri sai ya tuna lissafin da ya yi a shagona, ya ga tun safe zuwa yanzu ya gama tafiyar da ta gagari ɗansa, ko hantsi bai wuce ba. Ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya ce wa fasinjoji ba zai iya ci gaba ba. Suka yi ta faɗa, wata mata ta ce biki za ta, wani ya ce a kira shugaban tasha. Ya tsayar musu da wata mota ya juye su, shi kuma ya zauna a gindin wata bishiya har bayan azahar kafin ya iya juyowa Jos da mota ba kowa. Tunda yake tuƙi bai taɓa sauke fasinja a hanya don kansa ba.

Abin da bai sani ba shi ne tun kafin ya je Dilimi Chibueze ya riga ya rufe shago ya shiga jirgin ruwa. Babu hanyar waya a tsakiyar teku, shi ya sa kiran bai riƙa shiga ba, Datti kuwa ya ɗauka kashe wayar ya yi. Yaron ya yi ta amai tun daga tashi har sauka. Da ya isa Sal bai nemi masauki ba, a barandar asibiti yake kwana. Yana jin yaren mutanen wurin, don haka ya riƙa bin likita da ma'aikatan jirgi, daga wannan ofis zuwa wancan, yana roƙo. Daga ƙarshe jirgin da ke gyara ya dawo aiki, aka samu wuri, aka ɗora Badruddeen da shi kansa Chibueze. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kamar yadda wayata ta faɗa.

Amma an makara. Likitocin Praia suka ce ruɓar ta haura idon sawu, in ba a cire ƙafar ba za ta tafi da ransa. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Chibueze bai iya kiran Datti ba, sai ya kira mahaifinsa. Livinus ya ce wannan ba maganar waya ba ce. Da la'asar ya hau keke napep daga Congo-Russia, mai keken ya sauke shi a Tina Junction ya ce shi ba ya shiga Rikkos, ya ƙaraso da ƙafa. Rabonsa da layinmu tun ranar da ya kwashe kayansa. Ina cikin shago na gan shi yana tahowa yana duban gidaje, wasu tsofaffi suna miƙewa suna gaishe shi, matasa kuma da ba su san shi ba suna binsa da ido. Ya ce in aika a kira masa Datti, kada a shiga da shi gida.

Suka zauna a bencina. Livinus ya faɗa masa komai a tsare, bai ɓoye ba, bai kuma ambaci abin da ya faru a Dilimi ba. Datti ya yi salati, ya rufe fuska da tawul ɗinsa, ya daɗe a haka. Da ya buɗe, abin da ya fara tambaya shi ne wace ƙafa ce. Aka ce ta dama. Ya gyaɗa kai, ya ce yaron ba zai taɓa tuƙi ba ke nan, alhali Badruddeen bai taɓa sha'awar tuƙi ba a rayuwarsa. Bai ba Livinus haƙuri da baki ba. Ya dai tashi ya fito da mota ya kai shi har ƙofar gidansa a Congo-Russia, ya shiga ya gaida Ngozika matar Livinus.

Da Badruddeen ya farfaɗo har ya iya magana, abu ɗaya ya roƙa, kada a gaya wa mahaifiyarsa. Ya ce shi zai gaya mata da kansa in ya samu ƙafar roba ya iya tsayawa. Datti ya zo ya tambaye ni. Na san jinin Hasiya yana hawa, ga suga, na ce a ɗan jinkirta har ta samu ƙarfi. Haka aka yi. In ya kira ta a waya mai hoto, fuskarsa kaɗai yake nunawa, yana dariya yana cewa ciwon ya warke saura ɗan ɗingishi. Ta ce ya rame, ya ce abincin asibiti ne. Ta riƙa haɗa masa man shafawa da garin magani tana neman wanda zai tafi can. Datti yana zaune a gefe yana jin duk wannan. Ya gaya mini cewa ya fara ƙin shiga gida da wuri, sai ya tabbatar ta gama abin da take yi.

Jinkirin ya yi tsawo, wata ya bi wata. Ranar da abin ya fito, Hasiya ta je Terminus sayen yadi, ta haɗu da Ngozika. Sun daɗe ba su ga juna ba, suka rungume juna a tsakiyar kasuwa. Ngozika ba ta san an ɓoye mata ba, don Livinus bai yi tunanin gargaɗinta ba. Cikin Hausarta ta ce sannu da haƙuri, ta ce Allah ya bar shi da rai shi ne babba, ai yanzu akwai ƙafa na roba mai kyau, mutum yana tafiya ba a ganewa. Hasiya ta ce haka ne, ta gode. Ta ƙarasa cinikin yadinta, ta hau keke ta dawo.

Ta wuce ta gaban shagona ban ga komai a fuskarta ba. Ba ta yi kuka a tsakar gida ba, ba ta tara maƙwabta ba. Ta jira Datti ya dawo daga masallaci, ta ajiye masa abinci, ta tsaya a kansa.

"Malam, ni na haife shi da ƙafa biyu," ta ce. "Matar Livinus ta sani, mai kemis ya sani, ni ce bare."

Ya fara cewa saboda lafiyarta ne, ta juya ta shiga ɗaki.

Tun daga ranar ba ta sake sayen magani a wurina ba, tana wuce ni ta tafi wani kemis da ke can gaba. Ban ga laifinta ba. Datti kuwa tana yi masa duk abin da ta saba, abinci da wanki da ruwan alwala, amma hira ta ƙare tsakaninsu. In ya yi magana ta amsa da kalma ɗaya. 'Yan uwa sun sa baki, limamin unguwa ya yi mata nasiha, ta ce ita ba ta riƙe kowa ba.

Datti bai koma hanyar Gombe ba. Ya ba wani ƙaninsa Sharon ɗin, shi kuma yana ɗaukar 'yan makaranta safe da rana a wata ƙaramar mota. Har yanzu ana buga masa ƙofa in wani ya faɗi, kuma yana fita, sai dai ya daina tsayawa jiran labari a asibiti, yana sauke mutum yake juyowa. Yakan je Dilimi ko ba shi da abin saye, ya zauna a shagon Livinus.

Badruddeen bai koma Sal ba. Yana Praia, Chibueze ya ba shi gefen barandar shagonsa, a nan yake ɗinkin jakunkuna a zaune. An yi masa ƙafar roba amma tana cin dungulmin, sai ya sa ya cire. Ya ce zai zo gida in ya saba da ita, don ba ya son ya shigo Rikkos da sanda ana kallonsa. An yi sallah biyu tun da ya faɗi haka.

Hasiya ta sa ƙanwarta ta saya mata wayar kanta. Yanzu in yaron ya kira ranar Juma'a, ita yake fara kira. Ranar farko ta ce ya sauke wayar ya nuna mata wurin, ya yi ta kauce-kauce, ta ce ba za ta ajiye ba sai ta gani, ya nuna mata. Tun daga nan takan shiga ɗaki da wayar ta tura ƙofa, su daɗe suna magana. Datti yakan zauna a kan tabarma a tsakar gida, yana jin muryar ɗansa ta cikin ƙofa ba ya gane abin da ake faɗa, har ta gama ta fito ta ce masa yana gaishe shi.